Gimbiya Mai Yatsa Huɗu da Rabi

Mifleh Abu Awwad ya sha faɗa a teburin mai shayi na garin Wadi Musa cewa rabin Petra, tsohon birnin dutse da ke kusa da su, kaɗai Turawa suka gano, sauran rabin yana cikin kansa. Wai ko an ɗaure masa ido, da ƙamshin dutse yake bambanta kogo da kogo. Ba mai musa masa, don in aka musa, labarin tsawo yake ƙarawa.

Abin da ba ya faɗa shi ne jakin da yake ɗaukar baƙi da shi ya tsufa, gwiwarsa kuma ta fi jakin tsufa. Gurbin mai gadin kangaye ɗaya ya rage a hukuma, mutum tara ke nema. Aka ce wata masaniya, Dakta Tamam, za ta zo daga Amman ta zaɓi wanda ya fi sanin duwatsun.

Sai Mifleh ya tuna wani kogo can bayan kwari, inda ya taɓa fakewa ruwan sama. Kwana uku yana shara. Ya kwashe kashin awaki buhu biyu, da gwangwanayen kifi, da wani takalmin roba wari ɗaya. Ya jera duwatsu ya toshe ƙofar, ya watsa musu ƙasa don su tsufa.

Dakta ta iso da gilashinta da Larabcinta na birni, hannun hagu cuse a aljihu. Mifleh ya ce a ransa, ga girman kai. Shi da ba ya sakin baƙo sai ya ji asalinsa har kaka na bakwai, bai ɓata yawunsa ya tambaye ta 'yar gidan wa ce ba. Ya miƙa mata jaki, ta ce ƙafa ta isa.

A hanya ya yi ta zuba: yadda Nabatawa suka sassaƙa birni daga sama zuwa ƙasa, yadda ayarin turare ya daina zuwa, yadda birnin ya ɓace wa duniya ɗaruruwan shekaru. Ta tambaye shi ko makiyayan da ke kwana a kogunan sun san cewa sun ɓace.

"Haba Dakta, waɗancan? Su da awakinsu ai kwana kawai suke yi. Gani sai mai ido."

A mararraba ta yi dama kafin ya nuna. Ya yaba mata da sa'a. Da ya ture duwatsunsa yana nishi, yana rantsuwa shekara dubu biyu rabon da ɗan Adam ya taka nan, ta sunkuyar da kai ta shige tun bai gargaɗe ta da kaifin ƙofar ba.

Baƙin da ke rufin, in ji Mifleh, hayaƙin turaren hadaya ne. Ramin da ke bango kuwa ma'ajiyar zinariya. Ya samu wani faffaɗan dutse ya zauna ya hutar da gwiwa, sannan ya haska mata abin da ya ajiye na ƙarshe: wani ɗan tafin hannu da jar ƙasa, ƙasa-ƙasa a bango, ƙaramin yatsan guntu.

Nan ya gyara murya. Hannun gimbiyar Nabatawa ne, ya ce. Shekarar da ruwa ya ƙafe, ubanta sarki ya yanke mata yatsa ya miƙa wa gumaka, ita kuwa ko uffan ba ta ce ba. Har idonsa ya kawo ruwa, don ya riga ya ga kansa cikin kakin gadi.

Dakta ta daɗe tana kallon bangon.

"Ko uffan, ya Abu Awwad?"

"Wallahi ko uffan, ranki ya daɗe. Jinin sarauta ke nan."

Ta zaro hannun hagu daga aljihu, ta ɗora shi kusa da ɗan tafin da ke bango. Nata ƙaramin yatsan ma guntu ne.

"Ihun da na yi har kwari an ji. Kuma ba sarki ba ne, dutsen niƙan uwata ne, ga shi nan kana zaune a kai."