Injinan Ranar Juma'a

Dorcas ta ajiye kwamfutarta a gaban Alhaji Yari, mai kamfanin, tana murmushi.

"Ranka ya daɗe, na gano inda kuɗinmu ke zurarewa."

Manhajarsu ta sayar da taki tana aiki ne kan injinan haya na intanet, wato kwamfutocin da ake biya gwargwadon amfani. In manoman Bungudu da Tsafe suka yi yawa, injinan su ƙaru da kansu, in suka watse su ragu. Amma duk Juma'a da ƙarfe biyu, ana masallaci, sai su tashi daga uku zuwa arba'in. Wani ne ke kunna su don harkar gabansa, daga ofishinsu na Gusau.

Nathaniel, abokin aikinta da ke tsaye a bayanta, shi ya ba ta shawarar ta duba Juma'a. Cocinsu ɗaya.

Alhaji ya ɗaure fuska. "Nathaniel ya riga ki faɗa min. Wa ke zama a ofis lokacin?"

Ta waiwaya. Nathaniel ya sunkuyar da kai.

Wata shida ke nan, duk Juma'a kafin biyu, shi ke fita sayo mata abinci, ya bar ta ita kaɗai a ofis, injinan da ya saita su tashi bayan fitarsa. Ko sisi bai taɓa karɓa daga hannunta ba.