Tsarabar Zakiru

Jarkar fetur biyu, kayan faci, bargo, da hoton ƙaninsa Zakiru. Da waɗannan kaya Ilyasu ya hau duwatsun Habasha a kan babur, don ta can yaron ya bi zai haye Makka.

A wata gonar gahawa manoma suka gane hoton. Suka nuna masa kabari, suka cika masa jaka da gahawa.

Da ya dawo Gardole ya miƙa wa mahaifiyarsu jakar.

"Ya isa Makka, Inna. Ga tsarabarsa."

Ta sansana, ta sa masa albarka, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Daga ciki ya ji tana ce wa ƙanwarsu:

"Lubna, jiƙa gero, gobe za mu yi wa Zakiru sadaka. Wanda ya isa Makka dabino yake aikowa."