Motar da Ta Hau Kwale-kwale

Kai da kake auna mota da girman jikinta, saurara. Maganata ba ta da tsawo.

An yi wani manomin albasa da ya sayi 'yar mota mai kujera bakwai, irin mai arahar nan marar hanci, wadda injinta ke ƙarƙashin mazaunin direba, ƙofar gefenta kuma ja ake yi ta zame. Bakaniken da ya duba masa ita ya ce asalin irinta motar kaya ce. A can inda ake ƙera ta, masu kayan gwari ne ke loda mata buhuna suna ratsa lunguna. Daga baya maƙeran suka tuna talaka ma yana da iyali. Suka huda mata tagogi, suka jera kujeru masu naɗewa, suka bar ta da ƙaramin injinta da ba ya shan mai. Ado ko ɗaya ba su ƙara mata ba. Jikinta ma ba kauri, in ka danna da babban yatsa sai ya lotsa. Da ita manomin ke kai iyalinsa unguwa, ranar kasuwa kuma ya naɗe kujeru ya zuba albasa. Wansa yana da baƙar jif mai tsayi kamar rumbu, shi kuwa akwatin ashana yake kiran motar ƙanensa. Shi ya sa in an je taro, can nesa manomin yake ajiye ta.

Wata damina mahaifinsu ya zame a bakin rijiya ya karye a cinya. Maɗorin da aka yarda da hannunsa yana ƙetaren kogi, shi ma tsufa ya zaunar da shi. Ya aiko cewa a kawo mutumin a kwance, kada a lanƙwasa ƙafar, kada kuma a wuce kwana uku. In an wuce, ƙashi zai kama a karkace, tsohon ba zai sake taka ƙasa ba. Kwana biyu suka tafi wajen shawara. Da aka tashi tafiya babu wanda ya yi gardama: uba ne, babbar mota ce ta dace da shi. Aka shimfiɗe shi a kan ƙyauren ɗaki, aka sa a jif. Manomin ya biyo baya cikin taɓo, ɗauke da mata da kwanukan abinci.

Suka iso kogi da hantsi, suka tarar ruwa ya tafi da gada. Abin da ya rage shi ne fito: kwale-kwale biyu da aka ɗaure da igiya, aka shimfiɗa katako a kai, ana ƙetarar da babura da buhuna. Daga waccan gaɓar zuwa garin maɗori tafiyar yini ce a ƙasa, babu abin hawa sai babur, mai karaya a cinya kuwa ba ya hawa babur. Dole sai mota ta ƙetare.

Mai fito ya zagaya jif ɗin sau ɗaya. Ya ce wa wan manomin, "Alhaji, in wannan giwar taka ta hau, ni da kai da ita duk abincin kifi ne." Wan ya yi lallashi, ya yi faɗa. Mai fito ya ce, "Ni na ji ka. Ruwan ne ba ya jin Alhaji." Sai ya juya ga ƙaramar. Ya sa kafaɗa ya girgiza ta. Ya kira ƙarti huɗu suka kama bayanta, sai ga tayoyi sun bar ƙasa. Ya ce, "Ta wa?" Manomin ya ce, "Tawa ce." Mai fito ya ce, "To a sauke matan da kwanukan."

Aka naɗe kujeru, aka ɗaga ƙofar baya, aka zura tsohon a kan ƙyauren nan, ƙafarsa a miƙe. Ya shige daidai, kamar don shi aka auna. Katakon bai wuce faɗin motar ba, don haka aka bar ƙofar gefe a buɗe, wan ya tsuguna a bakinta riƙe da hannun ubansa, don in abin ya ɓaci ya iya jawo shi waje. Manomin ya yi bisimilla, ya sa giya ta ɗaya, ya hau. Kwale-kwalen suka nutsa, suka ƙara nutsawa, har ruwa ya rage yatsa huɗu ya kai baki. A nan suka tsaya. Aka kashe inji, aka tare tayoyi da duwatsu, aka tura.

A tsakiyar kogi ruwan ja ne wur, yana tafe da itatuwa har da saiwoyinsu. Mutanen gaɓa biyu suka zuba ido. Manomin yana riƙe da sitiyarin da ba ya juya komai, yana jin ruwa na dukan katako a ƙarƙashinsa, yana jin ubansa na salati a baya. Ya dubi siririn ƙarfen nan da ya daɗe yana jin kunyarsa. Wasu maƙera da bai taɓa gani ba, a ƙasar da ba zai taɓa zuwa ba, sun hana motar nan kauri da ado don ta zo hannun talaka. Abin da suka hana ta ɗin shi ne yatsa huɗun da ke tsakanin ubansa da ruwa. Ya ce, "Allah mai iko."

Suka isa garin maɗori kafin la'asar, aka ɗora ƙafar a ranar. Da kaka ta yi, tsohon ya ɗauki sanda ya taka da kansa har gona, ya tsaya ya ga ana yankan gero.

Shi ya sa magabata suka ce, raina kama ka ga gayya.