Minjiryar Ƙofar Kasuwa

Tun da aka kafa dokar, ba mai shiga kasuwar bakin kogi sai ya tsoma hannu a bahon ƙofa. Minjiryar da ke ciki, kifin nan mai lantarki, da waya dashe a kanta, tana jin lantarkin jikin mutum. In ransa a ɓace yake, sai jar fitila ta kama.

Inna Delu mai bandar kifi ta tsoma nata, fitila ta yi jajir.

"Inna, ku koma gida ku huce," in ji mai gadi.

"Kun kwashe kifin koginmu kun ɗaure, ni ce zan huce?"

Ta damƙo minjiryar, hannunta na kakkarwa har kafaɗa, ta tsinke wayar, ta wurga ta kogi.

"Yanzu sai ka tambaye ni da bakinka, yaro."