Inda Take Sassauta Murya

Ranar arba'in da rasuwar 'yata, abokan wasanta na dandamali suka zo gidanmu a unguwar Tondo, suka rera waƙar nan tata mai cewa ba wanda ya isa ya rufe mata baki. Ban taɓa zuwa kallon wasan ba. A banɗaki take koyon waƙar, ni kuma in buga ƙofa don ta rage murya saboda maƙwabta.

Da suka kai inda ya kamata murya ta tashi sama, sai duk suka koma raɗa.

Na tambayi babbarsu, "Kun manta ne?"

Ta kira ni Nanay, wato Mama, ta ce, "A'a. Haka take yi kullum, malaminmu ya yi faɗa har ya gaji. Ta ce daidai nan kike buga ƙofa."

Na ɓoye hannuna ƙarƙashin tebur.