Tikiti Na Hamsin Da Takwas

Da yatsa ɗaya Ña Eulalia, wato uwargida Eulalia, ta danna maɓallin kwamfuta mai alamar sandar nan mai karkata, ta rubuta "rufe 41", ta rintse ido ta aika. Da ta buɗe ido sai ga alama koriya a zauren hirar ma'aikata, na'ura ta amsa cewa an rufe. Ta saki guɗa, ta yi maza ta toshe bakinta, don ɗanta Derlis yana kwance a ɗaki, zazzaɓin dengue ya kayar da shi tun daren Lahadi.

Watansa uku ke nan yana aikin gwaji a wani kamfanin manhaja a birnin Asunción, daga gida yake yi. Ranar Juma'a za a ce masa ya zauna ko ya kama gabansa. A wurinsu kowane aiki yana da tikiti mai lamba, kuma da yawan wanda mutum ya rufe ake auna shi. Ya so ya sanar da su ba shi da lafiya, ita ta hana.

"Wanda ke kan gwaji ba ya ciwo, ɗana. Nuna mini inda ake dannawa."

Ya rubuta mata lambobi tara a bayan takardar magani, ayyukan da ya riga ya gama, rufewa kawai ta rage. "Waɗannan kaɗai, Mama. Kar ki taɓa hamsin da takwas, ban gama shi ba."

Wanda take tsoro shi ne shugabansu, Injiniya Osmar. Derlis ya sha faɗa mata cewa mutumin ko gaisuwa ba ya amsawa. Amma da ta rufe na farko, bayan kamar minti goma, sai ga amsarsa: hoton fure da hannu biyu na addu'a. Ta ce a ranta, yaran yanzu da ƙarin gishiri, wannan bawan Allah ne ake kira mugu?

Ranar Talata ta rufe uku. Tana gasa chipa, burodin garin rogo, tana leƙen kwamfuta, gari duk ya ɓata madannan. Motar feshin sauro ta wuce da hayaƙinta, maƙwabta suna ta rufe tagogi, ita ko a jikinta. Matar da ko aji shida ba ta gama ba, ga ta tana ba na'ura umarni, na'ura tana bi! Ta zuba tereré, shayin ganye mai sanyi, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ta gyara tabarau.

Laraba aka soke taron bidiyo na mako, ba a faɗi dalili ba. Eulalia ta taka rawa a tsakar gida da tsintsiya a hannu. Da azahar Injiniya ya rubuto: "Madalla, yaron kirki. Ka ci abinci kuwa?" Ta amsa: "Na ci, ranka ya daɗe, miyar vori vori." Ya ce: "Ita ce daidai. A riƙa shan ruwa da yawa."

Ta leƙa ɗaki ta ce wa Derlis, "Ubangidanka ya fi ka tarbiyya." Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta, ya koma barci.

Alhamis da hantsi lambobin takarda suka ƙare, ita kuwa ba ta ƙoshi ba. A allon ƙungiya sunan ɗanta ne na biyu, wata Liz Marlene ta fi shi da tikiti ɗaya tak. Ɗaya! Ta tashi ta wanke kwanuka, ta dawo. Ta shanya kaya, ta dawo. Ba ta san lokacin da yatsanta ya rubuta "rufe 58" ba.

Alama koriya ta fito. A ƙarƙashinta na'ura ta ƙara layi ɗaya: an sanar da wanda ya ba kamfanin aikin cewa an gama.

Ta dafe kai. Garin neman gira za ta rasa ido. Gobe a gane aikin bai kammala ba, a ce ɗanta maƙaryaci ne. Ta rubuta "buɗe 58". Na'ura ta ce shugaban ƙungiya ne kaɗai ke iya sake buɗe tikiti. Ta sake gwadawa har da "don Allah" a gaba. Na'ura ba ta san don Allah ba.

Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta share hannu a zani, ta rubuta wa Injiniya shi kaɗai: "Ranka ya daɗe, ba Derlis ba ne, uwarsa ce. Dengue ya kama shi, ni na hana shi faɗa, ni na rufe 58 da karambanina. Ka buɗe shi, ka hukunta ni, kar ka kori yarona."

Ɗigo uku suka fito alamar yana rubutu. Suka ɓace. Suka dawo. Suka sake ɓacewa. Chipa na ƙonewa a murhu, ba ta ko motsa ba.

Sai kwamfutar ta fara ƙara, kira daga Injiniya Osmar. Ta danna, ta miƙe tsaye kamar yana ganinta.

Raɗa ta ji, muryar wata dattijuwa mai ƙoƙarin danne dariya.

"Ña, rage murya, kar ki tashe shi. Ni ce Fidelina, uwar Osmar, shi ma tun Lahadi yake kwance. Fure da 'yar gaisuwa kawai na iya aikawa, ke ko kin san inda ake dannawa a buɗe abin nan?"