Ɓawon Gyaɗa a Filin Tseren Joji

Duk wanda zai rubuta tarihin tseren mota a ƙasar Kano, in bai ambaci ɓawon gyaɗar mahaifina ba, ya yi aikin banza.

Joji, Baturen mulki, da wani Bature mai awon gyaɗa suka yi gardamar motar wa ta fi gudu, sai aka zaɓi fili a bayan Karaye. Rabin filin gonarmu ce, gyaɗa saura mako biyu ta nuna. Aka tuge ta, aka kuma sa Baba cikin masu baje kunyoyi.

A tsakiyar gonar akwai ramin da muke ɗibar ƙasar gini. Dogarin hakimi ya ce a cike shi.

"Bar mini wannan, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Ramina ne, na san halinsa."

Ya cika shi da ɓawon gyaɗa, ya yayyafa jar ƙasa, ya shafe sumul.

Ranar tsere da la'asar Baba ya riƙe hannuna. Har yau ina jin warin fetur ɗin. Ya sunkuyo ya ce, "Kada ka ƙifta ido, ɗan nan."

Ban ƙifta ba. Motar Joji ta taho tana ruri, ta kafa hanci a ramin, ɓawo ya tashi sama, hular Joji ta bi baya. Na tsufa, na yafe wa mutane da yawa, amma daɗin nan ban tuba da shi ba.

Motar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Mai gona aka kira ya ciro ta.